Siminti ko farar ƙasa: da wanne ake ƙarfafa yumɓu mai kumburi kafin a ɗora masa hanya?

Sabon Injiniya:

Assalamu alaikum, manyanmu a wannan sana'a. Ina neman shawararku kan wani aiki da aka ɗora mini kula da shi, wanda shi ne na farko da nake tsaye a kansa ba tare da wani babba a gefena ba. Hanya ce mai tsawon kusan kilomita biyu, wadda manyan motocin dakon kaya za su riƙa bi zuwa wani rumbun ajiya. Ƙasar da za ta ɗauki hanyar baƙin yumɓu ce mai danƙo, irin wadda take darewa da rani har mutum ya iya zura hannunsa a cikin tsagar, idan ruwa ya sauka kuma ta kumbura ta koma taɓo. Ɗakin gwaji ya ba mu iyakar ruwa-ruwa (danshin da ƙasa take fara kwarara a kansa) 62, ma'aunin danƙo 35, sannan gwajin CBR, mai auna ƙarfin ƙasa wajen ɗaukar nauyi, bayan an jiƙa samfurin kwana huɗu bai wuce 2 ba.

Ɗan kwangilar ya ce siminti zai magance komai, don haka muka yi gwaji a kan mita ɗari da siminti kashi 6 cikin ɗari na nauyin busasshiyar ƙasa. Kafin mako uku wurin ya tsattsage, da na sa aka tona kuma sai na tarar da curin yumɓu manya-manya waɗanda simintin ya lulluɓe bayansu kawai, cikinsu kuwa yana nan da laushinsa kamar ba a taɓa shi ba. Shi yana ganin a ƙara siminti zuwa kashi 10, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Matsala ta biyu tana mita ɗari uku na ƙarshen hanyar, inda za ta ratsa wani kwari kusa da rafi. Ramin bincike ya nuna laka mai laushi har zurfin mita tara, ga shi kuma ana son a yi ciko mai tsayin mita uku a kanta. Shin maganin da za a yi wa yumɓun can shi ne zai yi aiki a nan, ko kuwa wannan wata cuta ce daban?

Tsohon Ma'aikacin Hanya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka tona ka duba da idonka, domin waɗannan curin da ka gani su ne amsar rabin tambayarka. Siminti yana aiki ne ta hanyar ɗaure ƙwayoyin ƙasa da juna, saboda haka yana buƙatar ƙasar da za ta wargaje ya ratsa ta ko'ina, kamar yashi, tsakuwa, marmara ko ƙasa mai ƙarancin danƙo. Yumɓun da ma'aunin danƙonsa ya kai 35 ba ya wargajewa, dunƙulewa yake yi, kuma siminti yana fara kamawa cikin awa biyu ko makamancin haka, tun kafin a samu damar farfasa curin. Idan kuka ƙara shi zuwa kashi 10, abin da za ku samu shi ne ɓawo mai tauri a kan tuwon laka, da ƙarin tsagewa, domin ƙasa mai siminti da yawa tana tsukewa sosai idan tana bushewa.

Irin wannan ƙasa farar ƙasa take so. Amma bari in tsaya a kan sunan, domin na sha ganin an yi asara a nan. Garin dutsen farar ƙasa wanda ba a ƙona ba, irin wanda ake zuba wa gona don rage tsamin ƙasa, ba ya yin komai a wannan aiki. Abin da ake nufi shi ne wadda aka ƙona a tanderu, ko dai a yi amfani da ita da zafinta, ko kuma bayan an kashe ta da ruwa ta zama gari mai laushi. Mai zafin ta fi saurin busar da jiƙaƙƙiyar ƙasa domin tana shan ruwa tana fitar da zafi, sai dai tana ƙona fata da ido, don haka wajibi ne ma'aikata su sa tabarau da safar hannu da takunkumin hanci, a kuma daina watsa ta idan iska ta taso.

Aikinta hawa biyu ne. Na farko yana faruwa cikin sa'o'i: ƙwayoyin yumɓu mai kumburi, musamman nau'in da ake kira montmorilonayit, siraran faifai ne masu jan ruwa zuwa tsakaninsu, to kalsiyam ɗin da ke cikin farar ƙasa yana maye gurbin sodiyam da makamantansa a jikin faifan, sai rigar ruwan da ke kewaye da su ta sirance, su taru su zama ƙananan dunƙule masu marmashewa. Za ka ga ƙasar da jiya take manne wa haƙoran gireda yau tana zuba kamar gari, danƙonta ya faɗi, kumburinta ya ragu. Hawa na biyu a hankali yake tafiya, makonni har watanni. Idan farar ƙasar ta isa ta ɗaga pH, wato ma'aunin tsami da akasinsa, zuwa 12.4, silika da alumina da ke jikin yumɓun kansa suna narkewa su haɗu da kalsiyam, su haifar da irin sinadaran da ke sa siminti ƙarfi. Wato yumɓun da yake abokin gaba shi ne yake komawa kayan haɗin maganin. A kan wannan ma'auni na 12.4 ne masu bincike Eades da Grim suka gina gwajinsu na 1966, wanda ake bi har yau don gano mafi ƙarancin adadin da ƙasa take buƙata. Yawanci yana faɗowa tsakanin kashi 3 zuwa 8, amma kada ka ɗauki lamba daga bakina ko daga bakin kowa, ka sa a gwada ƙasarka.

Wajen aiki kuwa, a buɗe ƙasar, a watsa farar ƙasar daidai wa daida, a cakuɗa da ruwa isasshe, a ɗan danne saman don kada iska ta shiga ta kashe ta, sannan a bar ta ta jiƙu kwana ɗaya zuwa uku kafin a sake cakuɗawa a daɓe. Wannan jiran shi ne abin da masu gaggawa suke tsallakewa, alhali shi ne yake narkar da curin. Idan bayan haka ƙarfin bai kai abin da manyan motoci suke buƙata ba, a nan ne siminti yake da gurbi: ɗan kaɗan a zagaye na biyu, a kan ƙasar da ta riga ta marmashe, a daɓe nan take, a kuma riƙa yayyafa ruwa ko a rufe saman na kwana bakwai.

Abu ɗaya nake roƙonka kada ka fara ba tare da shi ba, shi ne gwajin salfet, wani nau'in gishirin ma'adini, a cikin ƙasar da kuma ruwan da za ku yi amfani da shi. Idan salfet mai narkewa ya haura kusan kashi 0.3 cikin ɗari, yana iya haɗuwa da kalsiyam da alumina da ruwa ya haifar da wani ma'adini mai suna etirinjayit, wanda yake girma a cikin ƙasar da aka riga aka daɓe ya ɗaga hanyar sama tudu-tudu. Wannan kumburi ya fi na asali muni, kuma yana iya ɓoyewa har sai bayan an shimfiɗa kwalta. Haka nan ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi, idan sun wuce kashi ɗaya zuwa biyu, suna hana maganin kamawa, don haka a kankare ƙasar sama gaba ɗaya.

Injiniya Mai Gwajin Ƙasa:

Ina tare da Baba a kan duk abin da ya faɗa game da farar ƙasa, sai dai da izininsa zan ja hankalin ƙanena zuwa wani gefe, domin a shekarun da na yi ina ɗibar samfuri a wuraren aiki, hanyoyin da na ga sun lalace saboda rashin daɓe mai kyau da rashin magudanar ruwa sun fi waɗanda suka lalace saboda kuskuren zaɓen sinadari yawa. Ba ka gaya mana da wane danshi aka daɓe wancan yanki na gwaji ba, ba ka kuma faɗi kaurin shimfiɗar ba, kuma ina zargin a can ma akwai laifi.

Tun 1933 injiniya Ralph Proctor ya nuna cewa kowace ƙasa tana da wani madaidaicin danshi wanda a kansa take daɓuwa fiye da ko'ina. Idan ta bushe da yawa, ƙwayoyin suna gogar juna su ƙi matsawa, idan kuma ruwa ya yi yawa, shi ne yake cike gurbin da ƙasa ya kamata ta shiga, sai rola ta riƙa tafiya ƙasar tana lotsawa a gabanta tana tasowa a bayanta kamar katifa. Gwajin nasa na asali guduma ce mai kilo 2.5 a shimfiɗa uku, daga baya da jiragen sama suka yi nauyi aka fito da mai tsanani, guduma mai kilo 4.5 a shimfiɗa biyar, wanda ƙarfinsa ya ninka na farko fiye da sau huɗu. Dole ka san da wanne aka rubuta ƙa'idar aikinka, domin idan aka ce daɓe ya kai kashi 95 cikin ɗari na matuƙar nauyin da gwaji ya bayar, kashi 95 na wannan ba kashi 95 na wancan ba ne. Ka kuma sani cewa da zarar an zuba farar ƙasa, lissafin ya sauya: madaidaicin danshi yana hawa, matuƙar nauyin daɓe kuma yana sauka. Wanda ya ci gaba da auna aikinsa da sakamakon ɗanyar ƙasa zai yi ta ƙin karɓar aiki mai kyau, ko kuma ya daɓe ƙasar a bushe, alhali sinadarin ruwa yake buƙata don ya yi aiki. A yumɓu mai kumburi ma an fi son a daɓe shi da ɗan danshi sama da madaidaicin, domin wanda aka matse a bushe shi ne yake fin kumbura ranar da ruwa ya same shi.

Kada kaurin kowace shimfiɗa ya wuce santimita 15 zuwa 20 bayan daɓe. Rola mai ƙusoshi, wadda ake kira ƙafar tunkiya, ita ce ta yumɓu domin tana kirɓa shi daga ƙasa zuwa sama, mai santsi da girgiza kuwa ta yashi da tsakuwa ce, a nan sai dai a gama da ita don a daidaita saman. Kuma kowace shimfiɗa a auna yadda ta daɓu da gwajin cike rami da yashi kafin a ɗora wata, kada a yarda da cewa ido ya gani ya yi.

Game da ruwa, ka tuna cewa santimita 30 ko 40 na sama kawai za ku yi wa magani, abin da ke ƙarƙashi yana nan da halinsa. Tsakiyar hanya tana rufe da kwalta, danshinta ba ya sauyawa sosai, gefuna kuwa suna jiƙewa da damina su bushe da rani, suna hawa suna sauka, wannan ne yake haifar da doguwar tsagar nan da ake gani tana bin gefen hanya. Maganinta shi ne a faɗaɗa aikin farar ƙasar har kafaɗun hanya, a rufe kafaɗun, a nisanta lambatu daga gindin ciko a kuma tabbatar ruwa yana gudu a cikinsa ba ya kwanciya, sannan kada a bar manyan itatuwa dab da hanya domin saiwoyinsu suna tsotse danshi ta gefe ɗaya. Idan kuma akwai ƙasa mai kyau a kusa, ka lissafa kwashe yumɓun sama a maye gurbinsa, domin nauyin cikon da ba ya kumbura shi kansa yana danne na ƙasa.

Malamar Fasahar Ƙasa:

Tunda an yi wa tambayar farko adalci, zan ɗauki ta biyu. Amsar a taƙaice ita ce cuta ce daban, kuma babu abin da za ka cakuɗa a saman ƙasa da zai kai zurfin mita tara. Matsalar can ta kumburi ce, ta nan kuwa nutsewa ce da zamewa.

Masanin ƙasa Karl Terzaghi ya bayyana abin da ke faruwa tun 1925. Laka mai laushi cike take da ruwa a tsakanin ƙwayoyinta, idan aka ɗora mata nauyi, ruwan ne yake fara ɗaukarsa, kuma ruwa ba shi da ƙarfin hana zamewa. Sai ya tsiyaye a hankali sannan nauyin yake komawa kan ƙwayoyin ƙasar, ta matse, ta yi ƙarfi, saman kuma ya sauka. Haɗari biyu ke nan. Idan kuka zuba mita uku a tashi ɗaya, cikon yana iya yanke ƙasar ya zame gefe kafin ta samu ƙarfi. Idan kuma bai zame ba, zai yi ta sauka shekara da shekaru bayan an buɗe hanya, musamman a bakin kwalbati inda kankare yake tsaye ƙasa kuma tana tafiya.

Lokacin da tsiyayewar take ɗauka yana tafiya ne da nisan da ruwa zai yi kafin ya fita, an ninka shi da kansa. A nan dabarar take. Idan ruwa zai yi tafiyar mita tara zuwa sama, amma ka soka masa siraran magudanai a tsaye da tazarar mita ɗaya da rabi, tafiyarsa ta koma ƙasa da mita ɗaya zuwa gefe, a lissafin takarda lokacin ya ragu fiye da sau ɗari, ko da yake dagulewar lakar wajen sokawa tana cin wani abu daga wannan riba. Da ginshiƙan yashi aka fara, sannan Walter Kjellman na ƙasar Suwidin ya fito da na kwali, yau kuma na roba ne naɗe da ƙyalle mai tace ruwa. A shimfiɗa yashi a sama don ruwan ya samu mafita, a yi cikon hawa-hawa, a ƙara nauyi na wucin gadi sama da wanda hanyar za ta ɗauka, a cire shi idan saukar ta lafa. Shimfiɗa ƙyallen ƙarfafa ƙasa ko ragar roba a gindin cikon yana raba yashi da laka ya kuma riƙe cikon kada ya baje, amma ina so ka fahimta da kyau cewa ba ya hana nutsewa, yana taimakawa ne wajen hana zamewa kawai.

Idan lokaci bai ba ku damar jira ba, akwai ginshiƙan tsakuwa da ake dasawa da injin girgiza, waɗanda suke ɗaukar nauyi su kuma zama magudana, sai dai a laka mai tsananin laushi ba sa samun abin da zai riƙe su ta gefe. Akwai kuma cakuɗa siminti ko farar ƙasa a can cikin zurfi da dogon injin mai juyawa, dabarar da ta bunƙasa a Japan da Suwidin a shekarun 1970. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne sako ƙaton nauyi daga sama, dabarar da injiniya Louis Ménard ya yaɗa, domin ta yashi da ciko mai sako-sako ce, laka mai cike da ruwa dagulewa kawai take yi.

Kafin ka zaɓi ko ɗaya, ka tabbata ramin bincikenka ya wuce lakar ya shiga ƙasa mai ƙarfi, kuma rami ɗaya bai isa mita ɗari uku ba. Filin jirgin sama na Kansai da ke Japan, wanda aka buɗe a 1994 a kan tsibirin da aka cike a teku, an dasa masa magudanan yashi kusan miliyan ɗaya a lakar sama, kuma wannan kashi ya matse kamar yadda aka tsara. Tsofaffin shimfiɗun yumɓu na can ƙasa, waɗanda magudanan ba su kai gare su ba, su ne suka ci gaba da sauka fiye da hasashe, har ana ɗaga ginshiƙan ginin da jak ana cusa faranti a ƙarƙashinsu don a daidaita shi. Cikonka ƙarami ne, amma darasin ɗaya ne. Ka dasa farantan auna sauka da na'urar auna matsin ruwa tun kafin tifar farko ta juye, su ne za su gaya maka ranar da za a ƙara hawa na gaba.

Sabon Injiniya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Yaya Injiniya, zarginki gaskiya ne: shimfiɗar ta kai santimita 30, kuma da rola mai santsi aka daɓe ta. Na dakatar da batun ƙarin siminti, na aika samfuri daga wurare shida don gwajin salfet da na adadin farar ƙasa, na kuma rubuta takardar neman ƙarin ramuka biyu a kwarin. Saura tambaya ɗaya, Baba: idan salfet ya fito sama da iyakar da kuka ambata, shin an haƙura da farar ƙasa ke nan?

Tsohon Ma'aikacin Hanya:

Ya danganta da yawansa, ɗana. Idan ya ɗan haura ne kawai, ana tsawaita lokacin jiƙa a ƙara ruwa, wani lokaci a raba farar ƙasar kashi biyu, don ma'adinin nan ya gama girmansa tun ƙasar tana sake kafin a daɓe ta. Ana kuma maye gurbin wani kaso na farar ƙasar da garin dattin tanderun narka ƙarfe da aka niƙa, wanda yake rage wannan kumburi sosai. Amma duk wanda za ka bi, sai an haɗa samfuri an jiƙa shi an auna kumburinsa a ɗakin gwaji tukuna. Idan salfet ɗin ya kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari, ni ba zan sa hannu a kan farar ƙasa ko siminti ba, gara a kwashe a kawo wata ƙasa. Ka lura kuma cewa salfet ba ya bazuwa daidai, yana taruwa wuri-wuri, sau da yawa a matsayin ƙananan duwatsu masu ƙyalli a cikin yumɓu, saboda haka samfuri shida a kilomita biyu sun yi kaɗan. Ka bi layin da ƙafa, duk inda launin ƙasa ya sauya ko ka ga fari-fari a bakin tsaga ka ɗiba, a zurfin da za a cakuɗa da kuma ƙasa da shi kaɗan, sannan ka kawo mana sakamakon mu duba tare.